Jira Iri Biyu

Goggona tana da shekara 54 lokacin da cikinta ya fara kumbura. Koko da ƙosai take sayarwa a zangon Saboba, matan unguwa suka yi ta tsokanarta wai cikin tsufa ta samu, ita ma tana dariya. Amma loma uku take yi ta ce ta ƙoshi, zani ya daina zagaye ƙugunta, wuya da hannuwa kuwa sai ramewa. Wata biyar muka kwashe muna jiƙe-jiƙe. Wannan ya ce basir, wancan ya ce sammu, har rubutu aka kawo mata daga Salaga. Sai da numfashi ya fara gagararta in ta kwanta, sannan na kai ta Yendi. Daga can aka tura mu Tamale, daga Tamale sai asibitin Komfo Anokye a Kumasi.

Aka ɗauki hoton ciki, aka auna wani sinadari a jini da ake kira CA-125, aka zuƙe ruwan da ya taru, aka yanki ɗan nama aka gwada. Sakamako ya fito: ciwon daji ne na gidan ƙwai, mataki na uku. Likitan ya ce cutar ta bar inda ta tsiro, ta watsu a tantanin ciki da kitsen da ke lulluɓe da hanji, kamar gero ya zube a tabarma. Sannan ya ce, "Ba za mu yi mata tiyata yanzu ba."

Da na gaya wa Baffa, ƙanenta da ke Bawku, sai ya hau faɗa a waya: "Ɗana, an ga ba mu da kuɗi ne! Abu yana cin mutum, a ce a bar shi? Ka koma ka ce su yanka su cire." Ni ma a raina haka na zata.

Washegari na koma na tambayi likitan, ya zaunar da ni. Ya ce hanya biyu ce. Ko a fara da tiyata, kemo ya biyo baya. Ko a fara da kemo zagaye uku, a yi tiyata a tsakiya, a ƙarasa da wasu uku. Abin da ya fi ƙara wa mace kwana, da ikon Allah, shi ne a rufe cikin ba tare da an bar wani ƙullutu da ido ke iya gani ba. Mace mai ƙarfi, wadda hoto ya nuna za a iya kwashe komai, tata tiyatar ba a jinkirta ta. Goggo kuwa jininta ya yi ƙasa, jiki ya zube, cutar ta kai wuraren da wuƙa ba za ta share ba. A buɗe ta a haka, an ɗora mata wahala da haɗari, a kuma bar saura.

Daga baya na karanta cewa manyan likitocin duniya ma sun daɗe suna gardama a kan wannan. Wani bincike da aka wallafa a 2010, wanda aka yi a kan mata 670 a Turai da Kanada, da wani na Birtaniya da New Zealand mai suna CHORUS a 2015, sun nuna cewa ga masu cutar da ta yi nisa, tsawon rayuwa kusan ɗaya ne ta hanyoyin biyu, amma matsalolin bayan tiyata sun fi sauƙi ga waɗanda aka fara wa da kemo.

Aka fara sa mata carboplatin da paclitaxel ta jijiya, duk bayan mako uku. Gashinta ya zube, amma cikin ya saɓe, ta koma cin tuwo. Bayan zagaye na uku ta roƙa a bar ta ta leƙa gida kwana biyar. A nan ne muka kusa yin asara.

Tana isa Saboba ta ɗora tukunyar koko. Ta ce da ni, "Yaro, wanda ya warke me zai kai shi ƙarƙashin wuƙa?" Baffa, wanda jiya yake cewa a yanka, yau shi ne mai cewa a bar ta ta huta sai bayan an cire doya. Ga shi watan Satumba ne, ruwa ya shafe gadar hanyar Yendi, mota ba ta wucewa.

Wata nas ta kira ni ta ce, "Malam, maganin danne cutar ya yi, bai kashe ta duka ba. Mako uku zuwa huɗu bayan kemo ake son a yi aikin. In kun ja lokaci za ta sake tsirowa, wahalar da ta sha ta tafi a banza." Na durƙusa gaban Goggo na maimaita mata kalma da kalma. Ta yi shiru, can ta ce a ɗauko mata mayafinta. A kwalekwale muka tsallaka, tana riƙe da ledar takardunta a ka.

An yi aikin, likitan ya fito ya ce bai bar abin da idonsa ya gani ba. Ta ƙarasa sauran zagaye ukun. Ta yi shekara biyu da wata bakwai, ta aurar da autarta, kafin cutar ta dawo kamar yadda aka faɗa mana tun farko tana iya dawowa.

Har yau in na tuna, ba makonni taran da likita ya sa mu jira ke damuna ba. Wannan jira ne mai lissafi da ranar ƙarewa. Watanni biyar ɗin da muka yi muna jiƙa saiwa su ke hana ni barci. 'Yar'uwa, in cikinki ya kumbura ya ƙi saɓewa, kina saurin ƙoshi, kina yawan fitsari har makonni, ki je a duba ki. In kuma an sa miki ranar tiyata, ki riƙe ta. Allah Ya jiƙan Goggo, Ya ba marasa lafiya sauƙi.