Mun Ƙirga Dawaki, Mun Manta da Mahayi

Duk wanda ya san Buokrom ya san ba garin makiyaya ba ne. Gida ya haɗe da gida, jiragen sama na sauka a maƙwabtanmu, filin da ya rage kuwa yara sun mai da shi na ƙwallo. Amma fa dukiyar da yawa daga cikinmu tana tafiya ne da ƙafa huɗu. Mahautanmu da dillalanmu da zawarawan da aka bar wa gadon saniya biyu ko uku, duk idonsu na kan garken da muka haɗa a wani fili da muka karɓa haya a ƙasar Ejura, can gaba da Mampong. Wannan garke ne ya sa muka yi zama uku a zauren dattijonmu, muna gardama a kan abin da kakanninmu ba su taɓa mafarkinsa ba: tarakta.

Dalilin bai ɓuya ba. Zamanin sakin shanu su bi daji ya wuce. Mun ga abin da ya faru a Agogo, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka, har a 2012 babbar kotun Kumasi ta ba da umarnin a fitar da shanu daga filayen yankin. Mun ɗauki darasi: wanda ke son zama lafiya da mai gona, sai ya tsare dabbarsa ya kai mata abinci. Ciyawa kuwa Allah ya hore mana ita. Gamba, wadda har Turawa da wannan sunan namu suke kiranta, tana fin mutum tsawo a ƙarshen damina. Sai dai ranakunta ƙidayayyu ne. In ruwa ya ɗauke a watan Nuwamba, dole a yanke ta, a shanya, a ɗaure ingirici kafin ta zama kara, kafin kuma hunturu ya zo da gobarar daji. Dattawanmu da suka ga wutar 1983 ba sa buƙatar a yi musu bayani. Lauje ba ya iya wannan tsere, taraktar haya kuwa takan iso ne bayan ta gama da masu hannu da shuni.

Muka yi karo-karo, muka ƙara da rance. Da aka je kasuwa, sai kuɗin ya tsaya a tsakanin biyu. Ga Massey Ferguson 385, mai ƙarfin doki 85, buɗaɗɗiya, ba ta da ko rumfa. Ga kuma wata ta hannu, mai ƙarfin doki 75, amma da ɗaki na gilashi da na'urar sanyaya iska. Aljihunmu bai isa ya haɗa mana ƙarfi da ɗaki a mota ɗaya ba.

Ma'ajinmu ne ya fara magana, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce yankan ciyawa aikin 'yan makonni ne, bashi kuwa na shekara ne. Ƙasar Ejura ƙasar masara ce, ana huɗa sau biyu a shekara, kafin babbar damina da kafin ƙarama, kuma manoma layi suke bi don samun tarakta. Mai ƙarfi za ta ja garma a ƙasa mai tauri, ta ja tirela cike da buhuna, ta biya bashinta da kanta. Ya ƙara da cewa buɗaɗɗiyar Massey babu makanikin da bai san cikinta ba a Suame Magazine, kayanta kuwa kamar gyaɗa. Gilashi fa? Dutse ɗaya ya isa. Na'urar sanyi in ta mutu, ɗakin ya zama tandun burodi. Ya rufe da cewa iyayenmu sun yi noma a rana ba su narke ba. Zaure ya ɗauki gyaɗa kai.

Mu da alƙalami ke hannunmu muka rubuta, har zuciyarmu ta karkata. Goma ta fi babu, 85 ta fi 75; lissafin da yaron makarantar allo ma zai yi.

A zama na biyu wani ɗanmu da ya karanci aikin gona ya warware mana abin da ake nufi da dokin. Ya ce ma'auni ne da James Watt, mutumin Sikotilan, ya yayata tun ƙarni na 18 don ya gwada injinsa da dawakin da ake aiki da su. Doki ɗaya kimanin wat 746 ne. Ya ce lambar da ke jikin tarakta ƙarfin injin ce, abin da ke isa sandar baya mai juya injin yanka bai kai haka ba, kuma na'urar sanyi ma tana cin rabonta. Amma sandar, ko a babba ko a ƙarama, sau 540 take juyawa a minti, injin yankan da muke da shi kuwa faɗinsa bai kai mita biyu ba, mai doki 75 za ta juya shi ba tare da haki ba. Ma'ana, dawakai goman nan da muke wa zumuɗi ba za su ƙara mana ko dami ɗaya na ciyawa ba, sai in mun sayi injin yanka mafi faɗi, wanda ba mu da kuɗinsa. Amfaninsu na wajen huɗa ne. Ya kuma faɗi abin da ya sa zauren yin tsit: kifewar tarakta na daga manyan abubuwan da ke kashe manoma a ƙasashen da suka daɗe da ita, shi ya sa tun 1959 ƙasar Suwidin ta wajabta wa sababbin taraktoci ƙarfen kariya a kan direba. Filinmu kuwa da gangare, da suri, da kututture a ɓoye cikin gamba.

Duk wannan dattijonmu bai ce uffan ba, carbi kawai yake ja. Da aka natsa sai ya tambaya: "A cikinku wa zai hau ta?" Muka dubi juna. Babu ko ɗaya. Mu goma sha da muke zauren, kowa da fankarsa a ɗaki. Ya ce: "To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kira yaron."

Yaron da ake nufi magidanci ne mai 'ya'ya uku, ɗan unguwa, wanda ya shekara da shekaru yana tuƙa taraktocin mutane. A zama na uku ya zo, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma. Dattijo ya ce: "Ɗana, faɗi gaskiyarka, kada ka ji nauyin kowa."

Ya ce: "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Maganar Alhaji gaskiya ce, babbar ta fi kawo kuɗi. In ita kuka saya zan tuƙa, da ita nake ci. Amma tunda an tambaye ni: rana ba ta dame ni ba, na saba. Ƙura ce. In na yini ina yanka, kwana uku ina tofar da baƙi, matata ba ta barci don tarina. Sai dutsen da wuƙa ke harbowa. Sai zuma. Ƙarar inji na tayar da ita, kuma a buɗaɗɗiyar mota ba ka da wurin ɓuya. Ko ka tsaya ta rufe ka, ko ka diro mota na tafiya, wuƙaƙe na juyawa a bayanka. Sau biyu na diro." Ya yi shiru, sannan ya ƙara: "Amma Baba, in za ku sayi mai ɗaki, ku ware kuɗin gyaran sanyinta tun yau. In ba haka ba, gara buɗaɗɗiyar."

Kunya ta kama mu, kuma ya dace ta kama mu. Zama biyu muna ƙirga dawaki, ba wanda ya ƙirga huhun mutum ɗaya. Mun karanta tun muna gaban malam cewa ma'aikaci ɗan'uwa ne, ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, in an ɗora kuwa a taya shi. Mun haddace, mun koyar, amma da aka zo ga lamba sai muka manta cewa babin ya shafi tarakta.

Dattijo ya tuna mana asalinmu. Ya ce fataken da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga, har 'ya'yansu suka kafa zangon Kumasi, kowane ayarinsu na da madugu, da jagaba, da uban dawaki mai riƙe lissafi. Ya dubi ma'aji yana murmushi, ya ce: "Uban dawaki dole ya so dawaki, aikinsa ke nan." Aka yi dariya, har da shi ma'ajin. Ya ci gaba da cewa amma madugu ne ke yanke inda za a sauka, kuma ba da ƙarfin jakin da ya fi kowanne yake auna tafiya ba. Yana duban ƙafar masu kora ne. Shi ya sa ake da zango. Sunan da muke alfahari da shi, ma'anarsa wurin da aka tausaya wa matafiyi.

Mun sayi mai ɗaki. Ba za mu ce muku ba mu yi asara ba. Aikin huɗar da take samu bai kai na manya ba, bashin da muka so gamawa da wuri zai ja mu gaba, kuma gilashin baya ya riga ya tsage sau ɗaya, kamar yadda ma'aji ya faɗa. Shi da kansa ya buɗe shafi na daban a littafi don kuɗin gyaran sanyi, bai kuwa daina cewa da an bi tasa da yanzu an huta ba. Wataƙila a lissafin sidi yana da gaskiya. Amma ingirici ya shiga rumbu kafin wuta, shanu sun ƙetare rani ba su leƙa gonar kowa ba, kuma ranar Juma'ar da ta biyo bayan yanka mun ga direban a sahu, bai yi tari ko sau ɗaya ba har aka sallame.

Ba muna cewa kowa ya sayi mai ɗaki ba. Wanda garma ce babban aikinsa, ko injin yankansa ya fi namu faɗi, ƙarfi zai nema, sai ya sa ƙarfen kariya da rumfa. Abin da muke roƙon 'yan'uwa a Aboabo da Asawase da Sabon Zango da sauran unguwanninmu shi ne: duk lokacin da kwamiti ya zauna sayen abin aiki, injin niƙa ne, aboboya ce, ko keken ɗinki, a bar gurbi a tabarma ga wanda zai yini a kai, a kuma tambaye shi tun a zaman farko, ba na uku ba.

Allah ya sa albarka a dukiyarmu, ya tsare masu yi mana wahala, ya yafe mana abin da muka manta.