A rushe, amma a bar shaida

Jama'a, duk mai shiga Ikko cin kasuwa ya san titin Broad Street. Nan Turawan mulkin mallaka suka gina kurkuku, suka tsare su Herbert Macaulay, nan kuma aka riƙa rataye mutane. An rushe shi a 1979, wurin ya koma juji. Sai a 2010 aka mai da shi wurin shaƙatawa, Freedom Park, aka bar tsohuwar katangar tsaye.

Ni dai wallahi katangar nan ta fi mini komai daraja a wurin. Ranar da na kai yarana, sai da suka taɓa ta sannan tambayoyi suka ɓarke. In aka share gidan zalunci tas, gobe wani zai ce ba a yi ba.