Ledar Maganin Tsohuwa

A Gidan Waya da Godogodo, kamar sauran garuruwan ƙasar Jama'a, da wuya a shiga ɗakin tsoho ba a tarar da ledar magunguna rataye a ƙusa ba. Wani daga asibiti a Kafanchan, wani daga kemis, wani kuwa ɗa ne ya aiko daga Kaduna ko Jos don nuna ƙauna. Kowa ƙari yake yi, ba mai ragewa.

Akwai wata tsohuwa manomiyar citta, mai shekara wajen 75, wadda aka ɗora a kan amlodipine saboda hawan jini. Ƙafafunta suka kumbura, abin da ƙwayar nan takan jawo wa wasu. Mai kemis ya ga kumburi, ya ba ta ƙwayar fitsari. Sai ta riƙa tashi sau huɗu cikin dare, jiri na ɗibarta, har ta faɗi a bakin ƙofa. Ciwon ƙugu ya sa aka ƙara diclofenac, shi kuwa yakan tada jini, ya ci ciki, ya wahalar da ƙoda. Watau dai kowane magani ƙanensa yake haifa.

Da abin ya ishi 'yarta, sai ta kwashi ledar dungum ta zazzage a teburin likita. Ya ɗaga kwali ɗaya ya ce, "Mama, wannan wa ya ba ki?" Ta ce, "Ɗana, na manta." Iri takwas aka ƙirga. Bai soke su rana ɗaya ba. Ya sake mata maganin hawan jini, ya janye sauran ɗaya bayan ɗaya, ana auna jininta kowane mako, har suka koma uku.

Dalili kuwa shi ne, ƙoda da hantar tsoho ba sa fitar da magani da sauri kamar na saurayi, sai ya daɗe a jiki. Masana sukan sa ido da zarar mutum ya kai iri biyar a rana, kuma tun 1991 wani likitan Amurka, Mark Beers, ya tsara jerin magungunan da ba su cika dacewa da tsofaffi ba.

Amma fa kada wani ya ji wannan ya watsar da ledar uwarsa a masai. Wanda ya daɗe yana shan prednisolone ko dexamethasone, waɗanda ake saya barkatai don ciwon gaɓoɓi, in ya tsaya farat ɗaya, jininsa na iya faɗuwa har ya halaka. Diazepam da atenolol ma haɗari ne a yanke su kwatsam. Irin waɗannan da kaɗan-kaɗan ake sauka daga kansu, a hannun likita.