Baƙin Bature Iri Biyu a Kongolam

Mu da muka tashi a Kongolam mun ga abin da 'yan Kano da Zariya ba su gani ba: baƙaƙen Turawa iri biyu a zuri'a ɗaya. Garin yana bakin iyaka, a ƙasar Mai'aduwa ta masarautar Daura. Ka wuce shingen kwastan kaɗan sai ga Ɗan Barto ta Nijar, hanya ta miƙe zuwa Matamaye da Damagaram. Tsakanin 1906 da 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka shata wannan iyaka, suka raba gonaki da dangi, kowane ɓangare kuma ya haifi nasa masu sha'awar Bature.

Tsofaffinmu ba sa yi musu kuɗin goro. Wanda aka kai makaranta ɗan boko ne, a tsallake kuma ɗan lakwal, in ya kama aiki ya zama mushe. Wanda ya yi wa Bature kuku ko boyi yaron Bature ne, abincinsa yake nema, ba a ganin laifinsa. Baƙin Bature shi ne wanda zuciyarsa ta ƙaura, yake jin kunyar tuwon gidansu. Ba sai ya yi karatu ba. Akwai masu wannan hali da ko sunansu ba su iya rubutawa.

Lokacin muna yara, kawuna akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa a Kano. Da salla yakan zo gida cikin kwat da laktaye ko da bazara ce, gumi na bin wuyansa, an tsaga masa gashi da reza a gefe guda. Ƙarfe huɗu daidai zai duba agogo ya ce a ɗora shayi. BBC ta fara shiri da Hausa tun 1957, amma shi sai ya murɗa rediyonsa zuwa tashar Ingilishi, mu yara mu kewaye shi muna gyaɗa kai kamar muna ji. Ɗan goggonsa kuwa malamin lakwal ne a Damagaram. Yakan iso a kan Mobylette da dogon burodi ɗaure a baya, kofi yake sha, in an tambaye shi abu sai ya ɗaga kafaɗu ya turo baki.

In suka haɗu a gindin darbejiyar ƙofar gida, gardama ce har magariba: wane Bature ya fi? Kawu ya ce Ingila ta bar mana sarakunanmu da alƙalanmu, Faransa kuwa aikin tilas ta sa har mutane suka riƙa gudowa nan. Mushe ya ce ai ku ko tuƙi a karkace kuke yi. Lokacin Nijeriya hannun hagu take bi irin na Ingila, Nijar na bin dama, direba sai ya sauya hannu a bakin iyaka. Da Nijeriya ta koma dama a watan Afrilun 1972, mushe ya yi tattaki musamman ya zo yi wa kawu jaje. A Janairun 1973 naira da kwabo suka kori fam da sule, kawu ya daɗe yana lissafi da tsohon kuɗi don haushi. Duk wannan gardama da Hausa suke yin ta, domin babu mai jin yaren Baturen ɗan'uwansa.

Kakarmu ba ta taɓa tanka maganar kwat ko cokali mai yatsu ba. Ranar da kawu ya shigo ya gaishe ta a tsaye ne ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, gwiwar taka ce ke ciwo? In sa a kira maɗori?" Ya tuɓe takalmi ya tsuguna, wandon kwat na neman yagewa, ya ce, "Inna, a yi mini aikin gafara." Daga baya na ji tana faɗa wa kishiyarta cewa ɗanta bai kai baƙin Bature ba tukuna, tunda gwiwarsa tana lanƙwasawa. Kwat ɗin kuma ta ce a ƙyale shi, kayan aro ba ya rufe katara.

Mutanenmu ba su ƙi kayan Bature ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921, ya rungumi wasan folo, a zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina, amma ba wanda ya kira shi baƙin Bature, don rawaninsa da fadarsa suna nan yadda aka san su. Kawu ma sha'awarsa tana da dalili. Ya ga cika alƙawari a kan lokaci, ya ga asibiti da lissafin da ba ya ɓata. Shi ya nace aka kai ƙannenmu mata makaranta, shi yake sayen littattafanmu.

Yanzu da wuya ka ji an kira wani baƙin Bature a Kongolam. Kowa na cin shinkafa da cokali, matasa sun san 'yan ƙwallon Ingila fiye da jerin sarakunan Daura, a tsallake kuwa sojojin Faransa sun tattara sun bar Nijar a ƙarshen 2023. In da tufafi ake aunawa, da dukanmu mun shiga sahu. Amma har gobe in ɗan gari ya dawo daga Abuja ko Landan, abin da dattawa suke dubawa shi ne ko ya zagaya gaisuwar rasuwar da aka yi ba ya nan, ko ya zauna a tabarma, ko ya sa hannu a ƙwarya ɗaya da sa'o'insa. Wanda ya yi waɗannan, ya sa kwat goma in ya ga dama.