Tafiya Zuwa Tafkin Alau

Duk wanda ya girma a Maiduguri kafin rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009 yana da labarin Alau a bakinsa. Can matasa ke zuwa yawon Sallah, can makarantu ke kai ɗalibai buɗe ido, can iyalai ke shimfiɗa tabarma su wuni suna shan iska. Son ganin abin da ya rage na wurin ne ya sa na kama hanyar Bama da sanyin safiya, hunturu na kaɗawa.

Da muka wuce Jami'ar Maiduguri sai shingen sojoji. 'Yan kato da gora suka leƙa motarmu, suka ɗaga mana hannu. Can gaba muka ratse, muka bi ta cikin lambunan albasa da tumatir, injinan ban-ruwa na ta ƙugi. Tafiyar duka kusan kilomita 20 ce daga gari.

A 1986 aka kammala madatsar ruwan Alau a kan Kogin Ngadda, wanda ke samun ruwansa daga Yedzeram da Gombole bayan sun haɗu a fadamun Sambisa. Ita ke shayar da Maiduguri, kuma daga nan kogin ke ratsa gari ya malala fadamar Jere, inda ake noman shinkafa. Na tsaya a kan tudun madatsar ina kallon inda ruwa ya yage ta a daren wayewar 10 ga Satumba, 2024, jikina ya yi sanyi. Ta nan ambaliyar ta bi ta shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno, irin wadda ba a gani ba tun 1994. Ko gidan namun daji na Sanda Kyarimi bai tsira ba: hukumarsa ta ce sama da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu. Cikin dare ɗaya gari ya yi asarar wuraren shaƙatawarsa biyu.

Duk da haka bakin ruwan bai mutu ba. Wata mata na suyar karfasa a kasko, tana tsame su da matsami tana barbaɗa yaji, ta naɗe mini biyu a takarda. Kusa da ita wani dattijon masunci ya maƙale kalli a babban yatsan ƙafarsa, yana ɗinke inda ya yage.

Na ce, "Baba, ana kwana a nan kuwa?"

Ya ce, "Ɗana, a da mukan hura wuta mu kwana a bakin ruwa, baƙi ma su kwana tare da mu. Yanzu la'asar na yi kowa ya naɗe kayansa."

Mu ma la'asar ce ta kore mu. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar. Ruwan sha da noman rani su ne kan gaba, babu ja. Amma ina roƙon a ware wani gefe a dasa darbejiya, a kafa rumfuna da makewayi, a tabbatar da tsaro. Akwai samari da 'yan mata a Maiduguri da suka girma ba su san wata fita daga gida ba sai gudun hijira. Sun cancanci wurin da za su je don nishaɗi kawai, su dawo lafiya.