Jirgin da muka yi aro

Ƙasar Nijar ta sami mulkin kai a 1960 ba tare da ko taku ɗaya na layin dogo ba. Duk da haka, da wuya a sami gidan fatake a Maraɗi ko Damagaram da ba a taɓa ba da labarin jirgin ƙasa a tsakar gidansa ba. Jirgin na maƙwabta ne, amma mutanen kudancin ƙasar nan sun hau shi har ya zama kamar nasu.

Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sa'an nan Nguru a 1930. Ta kudu kuwa, wanda ya taso daga Kwatano ya tsaya a Faraku a 1936. Kowane reshe ya miƙo hannu wajen iyakarmu, ya tsaya bai taɓa ta ba. Ba don fasinja aka shimfiɗa su ba: gyaɗa, auduga da fatu ake nema wa hanyar teku. Talaka dai ya sami gefe ya raɓa.

Yaran da suka tashi a shekarun 1980 sun riski ƙarshen wannan zamani. Yaro yakan bi kawunsa a mota zuwa Kano, su kwana a tasha bisa buhuna, suna jiran jirgin Ikko. Tafiyar ta fi kilomita 1,100, kuma takan ci fiye da kwana guda: Zariya, Kaduna, Minna, gadar Jaba bisa kogin Kwara, Ilori, Badun. A kowace tasha ƴan talla sukan yi dafifi gindin tagogi, abin sayarwa yana sākewa tare da ƙasa, daga fura da kilishi zuwa doya da lemo. Cikin tarago, mai goro, soja, ɗalibi da mai jego suna zaune gwiwa da gwiwa. Kafin gari ya waye an ci a akushi ɗaya. Wanda ya koyi taswira a aji, a nan yake ganin ta da idonsa: ƙaya tana ba itatuwan kwakwa wuri, Hausa tana jan jiki, Yarbanci yana shigowa.

Jirgin bai mutu rana ɗaya ba. A 1964 reluwen Nijeriya ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. A 2003 ba su kai miliyan 2 ba. Kuɗin man fetur ya tafi ga kwalta, manyan motoci suka ƙwace kaya, ƙarafan zamanin Turawa suka tsufa babu gyara. Jirgin da ake jira da hantsi ya koma zuwa da almuru, daga baya ya daina zuwa. Na Faraku ma ya bar ɗaukar mutane cikin shekarun 2000.

Abin da aka rasa ya wuce araha. Mota tana da sauri, amma tana raba matafiya gida-gida gwargwadon aljihunsu, kuma duk wanda ya san hanyoyinmu ya san yawan ta'aziyyar da suka jawo. Tsohuwa mai ƙullin kaya ba ta da wurin miƙe ƙafa a bas.

A 2016 aka gama shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, amma bai taɓa shiga jigilar yau da kullum ba. A Fabrairun 2021 kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, ta Daura, Katsina da Jibiya. Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna da tambaya ɗaya da ya kamata su riƙa yi tun yanzu, kafin a yanke kuɗin tikiti: tarago nawa za a ware wa mutane, kuma nawa mai tallar ƙuli-ƙuli za ta biya ta je Kano ta dawo?