Kyandir Huɗu Kafin Kirsimeti

Da zarar hunturu ya sauko Jalingo, 'ya'yan Kirista na unguwar Sintali ba su da zance sai na sabon ɗinki da shinkafa da kaza. Wani magidanci, wanda albashinsa bai isa ɗinkin 'ya'ya biyar ba, ya ga in an bar su haka, ranar 25 ga Disamba za ta zame musu ranar kuka.

Sai ya ɗauko wata al'ada ta makonni huɗun jiran haihuwar Almasihu. Asalinta Jamus ne: a 1839 wani malamin addini, Johann Wichern, ya jera kyandirori bisa ƙafar amalanke a Hambog, domin yaran da yake riƙo sun dame shi da tambayar ranar Kirsimeti. Shi mutumin Sintali faranti ya cika da yashi, ya kafa kyandir huɗu.

Kowace Lahadi da dare akan ƙara kunna ɗaya. Babbar 'yarsa takan karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, yau Ishaya, wani mako Mika, sannan Luka, inda aka kwantar da jaririn a komin dabbobi don rashin masauki. A nan uban yakan daɗe, da gangan kuwa. Ƙananan dai, a gaskiya, wutar suke kallo.

Daren kyandir na uku autar ta ce, "Baba, shi Yesu an yi masa ɗinki?" Uwar ta ce zanen goyo kaɗai ya samu. Yarinyar ta yi shiru, can ta tambaya ko ita za a bari ta kunna na huɗu.